Wai Thomas Müller ɗan Gerd Müller ne?

Ɗan Bayern: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku raba mu gardama da wani abokina, tun jiya a gidan kallo muke ta ja-in-ja har mai gidan ya kashe janareta ya kore mu. Shi ya rantse Thomas Müller ɗan Gerd Müller ne na cikinsa. Hujjarsa ita ce sunansu ɗaya, ƙungiyarsu ɗaya, kuma dukansu lamba 13 suka goya wa Jamus a gasar cin kofin duniya. Ni kuma na ce ratar shekarun ta yi yawa, sai dai jika. Wanda ya faɗi shi zai sayi tsire.

Mai Shuɗi: Ku duka kun faɗi. Ku haɗa kuɗi ku kawo mana tsiren nan zaure.

Ustaz Kabiru: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga Müller, wannan sharaɗin naku na tsire ku sake duba shi, ya yi kama da caca. In ciyarwa ce ku ciyar kawai.

Ɗan Bayern: Allah ya gafarta Malam, to mun mayar da shi sadaka. Amma dai a ba mu amsa.

Na Hamburg: Ƙanena, babu abin da ya haɗa su ta jini. An haifi Gerd a Nördlingen a 1945, 'ya mace ɗaya tak ya haifa. Thomas kuma 1989 aka haife shi, ya tashi a wani ɗan ƙauye da ake kira Pähl. Abin da ya haɗa su shi ne lokacin da Thomas yake ƙaramar ƙungiyar Bayern, Gerd yana cikin masu horar da su, don haka malaminsa ne. Shi kuwa sunan Müller, ai a nan Jamus babu sunan zuri'a da ya kai shi yawa. Shi ne na ɗaya, Schmidt na biye masa. Benen da nake haya, in ka tsaya a ƙofar shiga ka duba allon ƙararrawa, Müller uku za ka gani, kuma ba mai gaisawa da wani sai dai a ɗaga kai. A nan ba lambar ɗaki mai kawo wasiƙa yake bi ba, sunan da ke jikin akwati yake dubawa. Akwai tsohuwa ɗaya a hawa na biyu, kullum cikin mita take, wai ana jefa mata takardun harajin Müller na hawa na huɗu. Da ta gaji sai ta ɗauko biro ta ƙara harafin farko na sunanta a jikin akwatin, ta ja masa layi biyu a ƙasa.

Ɗan Bayern: Kai! Ashe kamar a ce Musa ne ko Abdullahi a wurinmu.

Na Hamburg: Kusan haka, sai dai shi ba sunan yanka ba ne, sunan gado ne da ake bi daga kaka zuwa jika. Ma'anarsa kuma mai niƙa. Wato mai injin niƙan hatsi.

Mai Shuɗi: Hahaha! To yanzu na gane. Ashe mai inji ne ya yi ta wahalar da Barcelona, shi ya sa aka niƙa su 8 da 2. Daga yau sunansa Tomas Mai Markaɗe.

Ɗan Bayern: Ka yi dariyarka. Mai markaɗen nan ya ci kofin duniya a 2014, shi ya buɗe wa Brazil ƙofa a ranar 7 da 1, ya zura wa Fotugal uku shi kaɗai. A 2010 yana ɗan shekara 20 ya ɗauki takalmin zinare. Ka san ma abin da ya faru tsakaninsa da Maradona? A watan Maris na shekarar aka yi wasan sada zumunta, bayan an tashi aka zaunar da yaron kusa da Maradona wajen hira da 'yan jarida, Maradona bai san shi ba, ya ƙi zama sai an tashe shi. Wata huɗu bayan nan suka haɗu a Afirka ta Kudu, minti uku da take wasa yaron ya sa kai ya jefa wa Ajantina ƙwallo. Aka tashi 4 da nema.

Mai Shuɗi: Duk na ji. Yanzu ba mu labarin 19 ga Mayu 2012, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Chelsea ɗinmu. A gidanku, a Munik. Mai markaɗenku ya ci a minti na 83, kuka fara rabon goro, aka cire shi yana ta murna a benci. Minti na 88 Drogba ya tashi sama. Mikel ɗinmu yana tsakiyar fili a ranar. Ƙarasa musu labarin mana.

Ɗan Bayern: Shekara goma sha nawa kuna cin abinci da wasa ɗaya.

Malam Garba: Yara ke nan, ba ku san Müller na gaske ba. Mu a rediyo muka fara jin sunan, kuma Gerd ake nufi. Gajere ne kakkaura, in ka gan shi ba ka ce ɗan ƙwallo ba ne. Amma ƙwallo 365 ya ci a Bundesliga cikin wasa 427, har yau ba wanda ya kamo shi. Wa ƙasarsa ya ci 68 a wasa 62, ƙwallayen sun fi wasannin yawa. Shi ya ci wa Jamus ta Yamma ƙwallon da ta ba ta kofin duniya a 1974 a kan Holan. Guda 40 da ya ci a kakar 1971 zuwa 1972 sai da suka yi shekara 49 kafin Lewandowski ya ƙara ɗaya a kai a 2021, watanni kaɗan kafin Gerd ɗin ya mutu. Guda 85 da ya ci a shekarar 1972 kuma Messi ne ya wuce su a 2012. Abin tausayi, bayan ya bar wasa giya ta nemi ta hallaka shi, tsofaffin abokan wasansa irin su Hoeneß da Beckenbauer suka tsaya masa har ya bari, suka ba shi aikin horar da matasa. Ƙarshen rayuwarsa ciwon mantuwa ya kama shi. Wani abin dariya kuma, sunansa mai niƙa, amma sana'ar da ya fara koya yana yaro saƙa ce a masaƙa.

Maman Ilham: Baba Malam, ni tambayata daban ce. Me ya sa mai niƙa ya fi kowa yawa? Na ɗauka manoma ne suka fi yawa a kowace ƙasa a zamanin da.

Malam Garba: 'Yata, kin yi tambaya mai kyau, kuma amsar tana cikin tambayar. Laƙabi don bambancewa ake yinsa. Ƙauyen da kowa manomi ne, in kin ce Audu manomi ba ki faɗi komai ba. Amma mai niƙa ɗaya ne a ƙauyen, maƙeri ɗaya, tela ɗaya, kuma kusan kowane ƙauye yana da nasa. Shi ya sa in kin jera manyan sunayen Jamusawa za ki ga kasuwa ce guda: Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai gashin burodi, Wagner mai haɗa amalanke. Tsakanin ƙarni na 12 da na 15 ne waɗannan laƙubban suka daskare suka zama abin gado, aka fara daga birane inda mutane suka yi yawa, Hans ya yi karo da Hans. Daga nan ko ɗan ya bar sana'ar uban, sunan yana nan a wuyansa.

Na Hamburg: In ƙara a kan na Malam. Injin nasu na da ba mai shan gas ba ne irin namu, ruwan rafi ne ke juya wani ƙaton gargare na katako, shi kuma ya juya dutsen niƙa. A arewacin ƙasar inda fili ya yi shimfiɗe kuma iska suke amfani da ita. Gina irin wannan sai mai ƙasa, basarake ko gidan ibadar Kirista. Akwai doka ma da ta tilasta wa talakawan yanki su kai hatsinsu injin ubangidansu kaɗai, in aka kama ka ka kai wani wuri tara ce. Sai a 1810 aka soke ta a masarautar Prussia ta Jamus. Ladan mai niƙan kuma ba kuɗi ba ne, awo yake ɗiba daga cikin hatsin. Suna da karin magana har gobe suna faɗa, wai wanda ya riga zuwa shi ke riga niƙa, kuma asalinta ƙa'idar layi ce da aka rubuta a wani kundin dokokinsu tun ƙarni na 13.

Maman Ilham: Wannan ai layin kwanuka ne a wurin mai injin unguwarmu. Ka ajiye roba ka tafi, ka dawo ka tarar an tsallake ka an yi wa 'yar mai unguwa. Ashe su tun tuni suka sa abin a doka.

Mai Shuɗi: Kuma tunda awo yake ɗiba, na tabbata ana zarginsa da ƙwange.

Malam Garba: Ka faɗi daidai kamar kana wurin. A wurare da yawa ba a ɗaukar mai niƙa a mutumin kirki. Manomi ya kawo buhu, ya koma da gari da bai kai yadda yake tsammani ba, injin kuma yana can bakin rafi bayan gari ba mai ganin abin da ake yi. Har ta kai ƙungiyoyin masu sana'a a wasu birane ba sa karɓar ɗan mai niƙa ya koyi aiki a wurinsu, sai da aka yi dokar daula a 1548 ta hana wannan wariya. Wato sunan da ya fi kowane yawa a Jamus yau, a da akwai gidan da in ka zo neman aure da shi sai an yi shawara.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun san wannan suna ta wata ƙofa. Meunier shi ne mai niƙa. To ku 'yan ƙwallo, akwai Thomas Meunier na Beljiyam da ya buga wa PSG da Dortmund. Shi da Thomas Müller sunansu ɗaya sak, harshe ne kawai ya raba. Miller na Ingilishi ma shi ne, Molinari na Italiya shi ne.

Ustaz Kabiru: Har Larabawa suna da shi. Ɗahhan. Duk wanda ya yi karatun musɗalahul hadisi a makarantun Islamiyya na nan ya san littafin Shaihu Mahmud Aɗ-Ɗahhan, mutumin Halab ta Siriya, Allah ya ji ƙansa. Ma'anar sunan ke nan, mai niƙa. Ga su Haddad maƙeri, Najjar kafinta, Khayyaɗ tela, Aɗɗar mai turare.

Maman Ilham: To ga abin da ke cina tun ɗazu. Bajamushe yana da shi, Bafaranshe yana da shi, Balarabe yana da shi. Mu da tuwo ne abincinmu safe da dare, ina namu? Muna da Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, muna da unguwannin Dukawa da Soron Ɗinki da marinar Ƙofar Mata. Amma ban taɓa jin Sarkin Niƙa ba, ban taɓa jin wani Alhaji Mainiƙa ba. Ni a ganina dalilin shi ne a wurinmu niƙa ba ta fita waje ba. Aikin mata ne a cikin gida. Kakata kafin asuba take durƙusawa gaban dutse, ta zuba gero da hannun hagu tana turawa da ɗan dutsen, tana waƙa ƙasa-ƙasa tana yi wa kishiyarta habaici, garin yana zuba a faifai. Gwiwoyinta har kanta suka yi. Shekara hamsin tana wannan, ba wanda ya kira ta da sunan aikin, balle 'ya'yanta su gaje shi. Da a ce namiji ne ke yi a bakin kasuwa ana biyansa, da tuni an naɗa masa rawani.

Mai Shuɗi: Hajiya, kin dai samu hanyar da za ki caccake mu. Ai akwai 'yan dakau da masu niƙau, kuma kuɗi ake biyansu. Sana'a ce.

Maman Ilham: Sana'a ce, amma su wa ke yi? Mata ne, yawanci ma waɗanda babu ta ci ƙarfinsu. Kuma yaro da sunan ubansa ake kiransa. Ka ga ko ta ina ka ɓullo, sunan ba shi da hanyar da zai bi ya sauko. Da injin ya zo maza suka karɓe aikin, nan da nan muka fara jin wane mai inji.

Malam Garba: Ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba, kuma na yarda da ke rabi. Sauran rabin shi ne mu gaba ɗaya ba mu da al'adar sunan da ke bin zuri'a. Ko maƙerin da kike magana, ana ce masa Audu Maƙeri, amma ɗansa a takarda Sani Audu ne, jikansa kuma Bala Sani. Sunan yana sauyawa duk bayan tsara guda. 'Yan kaɗan ne suka tsaya, irin Ɗantata, wanda shi ma laƙabi ne daga Tata, matar da ta raini Alhassan. Ga shi kuwa nan sunan mace ne ya sauko.

Maman Ilham: Ɗaya a cikin dubu, Baba Malam. Kuma raino aka tuna mata, ba sana'a ba.

Na Hamburg: Wannan rashin sunan zuri'ar ni na ɗanɗana kuɗarsa. Ranar da na je yi wa iyalina rajista, ma'aikaciyar ta jera fasfo huɗu a kan tebur tana kallona ta saman tabarau. Nawa yana ƙarewa da sunan mahaifina, na matata da sunan nata mahaifin, na yaran kuma da sunana na yanka. Ta ce to wanne ne sunan gidan? Na ce duka. Ta ce ba a yin duka. Sai da na koma na kawo takardun haihuwa da fassararsu kafin ta yarda cewa 'ya'yana ne. A akwatin wasiƙarmu yanzu suna uku ne a liƙe, maƙwabta sun ɗauka gidan 'yan haya ne.

Ustaz Kabiru: Ka riƙe naka. Alƙur'ani ya ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma mace ba ta sauya sunan mahaifinta don ta yi aure. Wannan ɗabi'ar ta matanmu 'yan boko su ɗauki sunan miji, aro ce.

Na Hamburg: Su ma Jamusawan sun sassauta, Malam. Tun shekarun 1990 mace na iya riƙe sunanta, miji ma na iya ɗaukar na matar. Daga watan Mayun 2025 kuma an yarda ma'aurata su haɗa sunayen biyu su ba 'ya'yansu.

Dokta Zariya: Na fito daga tiyata na tarar da saƙo kusan talatin a kan mai niƙa. To bari in zuba nawa. Duk ɗalibin likitanci ya sha wahalar wannan suna. Akwai wasu bututu biyu a jikin ɗan tayi waɗanda su ke zama mahaifa da hanyoyin ƙwai in mace ce, in namiji ne kuma su shanye. Sunan Johannes Müller suke ɗauke da shi, wani malamin ilimin jiki da ya koyar a Berlin ya mutu a 1858. Gwajin AMH da ake yi wa mata masu neman haihuwa, wannan M ɗin ta tsakiya sunansa ce. Sai kuma Paul Müller, wanda ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, aka ba shi kyautar Nobel ta likitanci a 1948. Shi ɗan Siwizalan ne, a Basel ya yi aikinsa, don sunan bai tsaya a iyakar Jamus ba, duk inda ake Jamusanci akwai shi.

Kawu na Mubi: DDT ɗin nan ba shi ne aka zo aka fesa a Garki ta Jigawa ba lokacin binciken zazzaɓin cizon sauro?

Dokta Zariya: A'a Kawu, na Garki wani magani ne daban, propoxur, a farkon shekarun 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi aikin. Shi DDT labarinsa mai kaifi biyu ne. Ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, da shi aka kashe ƙwarƙwatar da ke yaɗa annoba a Naples lokacin yaƙin duniya na biyu, da shi aka kori maleriya daga ƙasashe da dama. Amma da manoma suka mayar da shi ruwan feshi a gonaki, sai aka ga ba ya ruɓewa, yana taruwa a jikin kifi da tsuntsaye, sauro kuma ya saba da shi. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofa ɗaya, a fesa a bangon ɗaki don sauro.

Kawu na Mubi: Na gode Likita. To ni ma ina da Müller ɗina, kuma nawa ya fi na kowa kusa da gida. Mubi da Madagali da Gwoza da Dikwa duk a ƙarƙashin Jamus suke a da, cikin Kamaru. Ingila da Faransa sun ƙwace ƙasar a yaƙin duniya na ɗaya, sansanin Jamus na ƙarshe a dutsen Mora ya miƙa wuya a 1916. Amma takardar da Jamus ta sa hannu ta haƙura da duk ƙasashen da ta mallaka ita ce ta Versailles, 28 ga Yuni 1919. Mutum biyu suka sa hannu a madadin Jamus, ɗayansu ministan harkokin waje, Hermann Müller. Daga nan aka raba Kamaru, yankinmu ya faɗo hannun Ingila, har aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 1961 iyayenmu suka zaɓi Nijeriya. Ka ga da alƙalamin mai niƙa a cikin dalilin da ya sa nake riƙe da koren fasfo.

Malam Garba: Kawu ka burge ni. Kuma mutumin ya sha zagi a gida saboda wannan sa hannun, masu tsattsauran kishin ƙasa suka riƙa kiransa maci amana, alhali ba shi ya jawo yaƙin ba, an dai ajiye masa takarda ne aka ce ko sa hannu ko a ci gaba da yaƙi. Ya yi shugaban gwamnati sau biyu, a 1920 da kuma 1928 zuwa 1930. Gwamnatinsa ta biyu ta rushe ne a kan gardamar kuɗin tallafin marasa aikin yi, kuma ita ce ta ƙarshe mai rinjaye a majalisa kafin Hitler ya hau a 1933. Abin da zai ba ku sha'awa, saboda masu sunan sun yi yawa a siyasa, sai aka liƙa masa sunan mazaɓarsa, ana ce masa Müller-Franken. Daidai yadda aka yi wa iyayenmu a makarantun Turawa, Aminu ya zama Aminu Kano, Shehu ya zama Shehu Shagari, Sa'adu ya zama Sa'adu Zungur.

Na Hamburg: Wata dabarar kuma ita ce a ƙara wa sunan kai. Obermüller mai injin sama, Neumüller mai sabon inji, Waldmüller na daji. Wanda ya fara rubuta sunan Amurka a taswira a 1507 ma Waldseemüller ne. A arewa, nan wajenmu, Möller suke cewa. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka kuma ɗigo biyun nan na kan u suka ba su matsala, wasu suka koma Mueller, kamar Robert Mueller da ya shugabanci FBI daga 2001 zuwa 2013, wasu suka zama Miller kawai suka huta.

Ɗan Bayern: Yaya, wai ya ake faɗarsa daidai? Mu dai Mula muke cewa.

Na Hamburg: Ka tsuke baki kamar za ka ce u, sai ka ce i. Shekarata tara a nan har yau in na faɗa yarana dariya suke yi. Ci gaba da Mula ɗinka.

Mai Shuɗi: Kuna ta jero na kirki kamar masu neman aure. Ba ɓata-gari a cikinsu ne?

Malam Garba: Akwai wanda ya fi ɓata-gari. Heinrich Müller, shugaban Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitler, daga 1939 har ƙarshen yaƙi. Ɗan sanda ne daga Munik. Yana cikin waɗanda suka zauna a taron Wannsee a Janairun 1942 inda aka tsara yadda za a aiwatar da kisan Yahudawan Turai, kuma Eichmann, mai tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a ƙarƙashinsa yake aiki. Shi ma saboda akwai wani hafsa mai irin sunansa sak, sai ake ce masa Gestapo-Müller. Ganin ƙarshe da aka yi masa a maɓoyar Hitler ne a Berlin, farkon Mayun 1945. Ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Mai Shuɗi: To ni da a ce sunana ne, wallahi sauyawa zan yi.

Maman Ilham: Don me? Mutum dubu ɗari nawa za su sauya suna saboda mugu ɗaya da ba su haɗa ko kaka ba? Ai ko a wurinmu ba a daina sa Musa don wani Musa ya yi sata. Ni wadda ta fi tsaya mini a rai Herta Müller ce, da ta ci Nobel ta adabi a 2009. Ba ma a Jamus aka haife ta ba, a wani ƙauyen Jamusawa ne cikin Romaniya a 1953. Ubanta ya yi sojan SS na Hitler, uwarta kuma Rasha ta kwashe ta a 1945 zuwa sansanin aikin dole, ta yi shekara biyar. Ita kuma 'yan leƙen asirin Ceaușescu, shugaban Romaniya na lokacin, suka nemi ta riƙa kai musu rahoton abokan aikinta a masana'antar da take fassara, ta ƙi, aka kore ta, aka yi ta bibiyarta har ta bar ƙasar a 1987. Ba ta ɓoye abin da ubanta ya yi ba, ta rubuta shi, mutanen ƙauyensu suka yi fushi da ita. Wannan laifin na cikin gidansu ne ma, ba na mai irin suna ba, kuma ba ta gudu daga sunan ba.

Mai Shuɗi: Na ji, amma ita marubuciya ce, da abin take ci. Talaka mai sayar da burodi fa?

Na Hamburg: Talaka ko a jikinsa. Sunan ya yi yawan da ba ya nuna kowa. In Bajamushe yana son ya ce wance, wato kowace mace gama-gari, Lieschen Müller yake cewa. Akwai madarar Müller, akwai kantunan Müller a birane da yawa. Akwai ma wani Gerd Müller na biyu, ɗan siyasa, da ya yi ministan raya ƙasashe daga 2013 zuwa 2021, yana yawan zuwa Afirka. Sunayen da mutane suka gudu daga gare su bayan yaƙi su ne waɗanda ba su da yawa, da an ji an san gidan.

Ustaz Kabiru: Akwai wani da na taɓa cin karo da sunansa, Max Müller. Shi kuma fa?

Malam Garba: Masanin harsuna ne, an haife shi a Dessau a 1823, ya ƙare rayuwarsa a Oxford a 1900. Shi ya tattara ya buga tsohon littafin addinin Hindu cikin harshen Sanskrit, aikin ya ci masa shekara 25. Daga baya ya jagoranci fassara littattafan addinan Gabas zuwa Ingilishi, mujalladi 50, biyu daga ciki fassarar ma'anonin Alƙur'ani ce da wani Bature Palmer ya yi a 1880. Bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, amma yau cibiyoyin koyon Jamusanci a Indiya sunansa suke amsawa. Indiyawan kansu sun rabu a kansa, wasu na ganin ya ɗaukaka al'adunsu, wasu na ganin ɗan aiken mulkin mallaka ne. Tunda kuma Ustaz ne ya tambaya, akwai Johannes Müller na ƙarni na 15, masanin taurari da aka fi sani da Regiomontanus. Wani ɓangare mai yawa na lissafin kusurwoyin da ya shahara da shi daga aikin Jabir ibn Aflah na Andalus ya samo, kuma tun a ƙarni na 16 wani masanin Italiya, Cardano, ya fito ya faɗi haka.

Ustaz Kabiru: Ka ga irinta ko. A ɗauki ilimi a bar sunan mai shi.

Maman Ilham: Kamar dai kakata da dutsenta.

Mai Shuɗi: Hajiya ba za ta bar mu mu sha ruwa ba yau.

Ɗan Bayern: Jama'a na tura wa abokin nawa duk bayanin nan. Ya karanta, ya ce shi bai gamsu ba. Wai ya taɓa ganin su biyun a tallar madara suna zaune tare, kuma hancinsu iri ɗaya ne.

Na Hamburg: Tallar gaskiya ce, sun yi ta, ta madarar Müller ɗin ce ma. Shi ma mai kamfanin ba ɗan'uwansu ba ne.

Kawu na Mubi: Ka ce masa ya kawo tsiren tukuna, a ci gaba da maganar hanci bayan la'asar.